Sassaben zamani: yadda itatuwa suka koma gonakin Baudeta, Tasawa da Mayahi

Sassaben zamani dabarar noma ce da ke ba manomi damar rayar da itatuwa a gonarsa ba tare da ya dasa ko guda ba. Lokacin sharar gona, maimakon ya sare duk tohon da ya fito daga kututture, sai ya zaɓi masu ƙwari ya bar su, ya rage masu rassa, ya tsare su har su girma. A takardun hukuma, da Faransanci, ana kiran wannan dabara régénération naturelle assistée, ko RNA a taƙaice. A jihar Maradi ta samu gindin zama tun shekarun 1980, daga nan ta bazu zuwa wasu sassan Nijar da ƙasashe da dama na Afirka. Masana muhalli na lissafa ta cikin manyan sauye-sauyen da aka gani a yankin Sahel a ƙarshen ƙarnin da ya gabata.

Yankin da ake magana a kai

Baudeta ƙaramar hukuma ce ta karkara a kudancin gundumar Tasawa, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi bakwai na gundumar. Sauran su ne Tasawa, Kona, Korgom, Hawandawaki, Maijirgi da Urafan. Gundumar Mayahi tana maƙwabtaka da ita ta yamma da arewa maso yamma. A ƙidayar jama'a ta 2012 kowace daga cikin gundumomin biyu ta haura mutum rabin miliyan, a jihar da ke da mutane kimanin miliyan 3 da dubu 400, wato jiha ta biyu wajen yawan jama'a a ƙasar.

Galibin ƙasar yankin jigawa ce, rairayi mai sauƙin noma amma mai saurin gajiya. Damina ba ta wuce wata uku zuwa huɗu, kuma ruwan da ke sauka yakan kama daga milimita 350 zuwa 600 a shekara, gwargwadon wuri da yanayin shekarar. Kudu ta fi samun ruwa, arewa kuwa, wajen Urafan da arewacin Mayahi, ta fi fama da fari. Hatsi da dawa da wake da gyaɗa da riɗi su ne abin nomawa, kuma kusan kowane gida na haɗawa da kiwon awaki da tumaki.

A irin wannan ƙasa itace shi ne garkuwar gona. Idan babu shi, iskar farkon damina kan kwashi rairayi ta binne shuka ko ta yanke ta tun tana ƙarama, manomi ya sake shuka sau biyu ko uku a shekara guda. Irin da ke rumbu yana ƙarewa, kwanakin damina kuma suna tafiya.

Yadda itatuwa suka ɓace

Abubuwa da dama ne suka haɗu suka share gonakin. Na farko shi ne ƙaruwar jama'a. A da manomi kan bar gona ta huta shekaru, daji ya mayar mata da ƙarfi. Da mutane suka yawaita, gonaki suka haɗe da juna, sai hutun gona ya gagara. Noman gyaɗa na sayarwa, wanda ya bunƙasa a jihar Maradi tun zamanin mulkin mallaka har zuwa farkon shekarun 1970, ya ƙara faɗaɗa sassabe. Malaman gona na wancan lokaci ma gona mai tsabta suke yabawa, wadda aka tumɓuke kututturanta don garmar shanu ta wuce. Manomin da ya bar sabara a gonarsa sai a ɗauke shi rago.

Na biyu shi ne fari. Wanda aka yi daga 1968 zuwa 1974 ya kashe itatuwa da bisashe masu yawa, sannan na 1984 ya biyo baya. Mutanen da rumbunansu suka ƙare ba su da abin sayarwa sai itacen girki, don haka gatari ya gama da abin da fari ya bari.

Na uku shi ne doka. Dokar daji ta mulkin mallakar Faransa, ta 4 ga Yulin 1935, ta sanya dazuzzuka a hannun hukuma tare da jera wasu itatuwa da aka hana taɓawa. Dokar Nijar ta 4 ga Maris 1974 ta bi wannan sawu. Gawo na cikin itatuwan da aka kare, ta yadda manomi zai iya shan tara a hannun ma'aikatan gandun daji saboda ya sare reshen gawon da ke tsakiyar gonarsa. Sakamakon ya zo a juye: tun da itace na iya jawo tara, dabara ita ce a cire shi tun yana ƙarami, kafin idon hukuma ya kai kansa.

Gwamnati ta mayar da martani da dashe. Tun 1975 ake dasa itatuwa a ranar 3 ga Agusta, ranar samun ƴancin kai, kuma a watan Mayun 1984 aka yi babban taron ƙasa kan yaƙi da hamada a birnin Maradi. An samu nasara a wasu wurare, kamar layukan dogon yaro masu tare iska da aka fara dasawa a kwarin Majiya na jihar Tawa a 1975. Amma a galibin gonakin jigawa dashen bai kama ba. Ƙaramin itacen da aka fito da shi daga leda saiwarsa gajeriya ce, ga rani na wata takwas, ga awaki da gara.

Daga 1983 zuwa yaɗuwarsa

Sunan da aka fi ambata a tarihin sassaben zamani shi ne Tony Rinaudo, masanin aikin gona ɗan ƙasar Ostireliya da ke aiki da ƙungiyar mishan ta SIM a Maradi. Bayan ya sha wahalar dashe ba tare da sakamako ba, a 1983 ya lura cewa ƙananan tsirran da ke warwatse a gonaki, waɗanda ake sarewa kowace bazara, toho ne na itatuwan da aka sare tun da jimawa. Saiwoyinsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ya rage shi ne a bar tohon ya tashi.

Ya fara da manoma ƙalilan. Yunwar 1984, wadda mutanen yankin ke kira El Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya, ta sa aka faɗaɗa aikin. An riƙa raba cimaka a kusan ƙauyuka ɗari bisa sharaɗin manomi ya bar itatuwa a gonarsa, kimanin 40 a kowace hekta. Da rabon ya ƙare, kusan kashi biyu bisa uku na itatuwan sun sha gatari. Sai dai waɗanda suka bar nasu sun ga hatsinsu bai ragu ba, ga itacen girki a kusa da gida, ga abincin bisashe da rani. Daga nan dabarar ta riƙa tafiya daga manomi zuwa manomi, a kasuwanni da wuraren biki da hanyoyin cin rani.

Barin itace a gona ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan Turawa, an san sarakunan Damagaram da tsananta hukunci kan sare gawo. Masu bincike sun kuma gano cewa a gundumomin Magarya, Matamai da Mirya na jihar Damagaram manoma sun rayar da gawo a fili mai faɗin gaske bisa ƙashin kansu. Abin da shekarun 1980 suka kawo shi ne tsari, da suna, da kuma sassaucin hukuma.

Yadda ake yin sa

Aikin yana farawa da bazara, lokacin sharar gona. Manomi kan zagaya ya duba kututturan da ke toho, ya yanke shawarar waɗanda zai bari, yana la'akari da irin itacen da kuma tazarar da ke tsakaninsu. A kowane kututture yakan bar toho mafi tsawo da miƙewa, daga ɗaya zuwa biyar, ya sare sauran. Waɗanda aka bari ana rage masu rassan ƙasa har zuwa rabin tsawonsu. Idan aka wuce haka, tohon kan rasa ganyen da zai ciyar da shi, iska ko akuya ta karya shi.

Ana amfani da adda ko gatari mai kaifi, kuma ana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Wasu kan ɗaura tsumma ko su shafa fenti a jikin tohon, alamar cewa yana da mai shi. Bayan ƴan watanni sai a koma a cire sabbin tohon da suka fito. Ganyen da aka sare ana barinsa a gona ya zama taki, rassan kuma a kai gida.

Amfanin barin toho da yawa shi ne manomi na iya sare guda kowace shekara, ya bar mafi kyau ya zama babban itace. Da yake saiwar ta riga ta yi nisa cikin ƙasa, girman yana sauri, ba ya buƙatar ban ruwa ko kuɗin sayen iri. A fako, inda ƙasa ta daskare kuma babu kututture mai rai, sai an haɗa da wasu dabaru irin su ramukan tassa da rabin wata, waɗanda ke tare ruwa har iri ya samu wurin tsira.

Itatuwan da aka fi bari

Gawo ne kan gaba. Shi kaɗai ne a cikin manyan itatuwan yankin yake zubar da ganye da damina ya yi kore da rani. Saboda haka ba ya yi wa hatsi inuwa, ganyensa na ruɓewa a daidai lokacin da shuka ke buƙatar taki, saiwarsa kuma na ƙara wa ƙasa sinadarin da takin zamani ke bayarwa. Da rani bisashe kan taru a inuwarsa suna cin ƴaƴansa, su bar kashinsu a wurin. Shi ya sa hatsin gindin gawo ya fi na sauran gona tsawo da cikar zangarniya.

Sabara da kalgo su ne suka fi yawa a gonakin jigawa, kuma sun fi saurin toho. Suna tare rairayi da ƙurar da iska ke ɗauke da ita. Binciken da aka yi a Senegal ya nuna cewa saiwar sabara kan jawo ruwa daga ƙasa mai zurfi da dare ta sake shi a sama, inda hatsin da ke kusa da ita ke amfana. Taramniya na ba da itacen girki da na gini. Aduwa da magarya da ɗanya da kanya na ba da ƴaƴan da yara da mata ke sayarwa a kasuwa, kuka na ba da miya, bagaruwa kuma majema ke nema. Anza, wadda awaki ba su cika damuwa da ita ba, ta ceci gidaje da dama a shekarun yunwa, bayan an jiƙa ƴaƴanta kwanaki an cire ɗacinsu.

Abin da alƙaluma ke nunawa

An ɗauki kusan shekaru ashirin kafin duniya ta san girman abin da ya faru. A tsakiyar shekarun 2000, Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka ya kwatanta hotunan jirgin sama na 1975 da hotunan tauraron ɗan adam na baya-bayan nan, yayin da masana irin su Chris Reij ɗan ƙasar Holan da Mahamane Larwanou ɗan Nijar suka bi ƙauyuka suna ƙirga itatuwa. Ƙiyasin da suka fitar, wanda har yanzu shi ake ambata, ya ce an rayar da itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5, galibi a jihohin Maradi da Damagaram. Wani rahoto na 2009 ya ƙiyasta cewa hakan na ƙara wa ƙasar tan dubu 500 na hatsi a shekara, abin da zai ciyar da mutum miliyan biyu da rabi.

Abin da ya fi ba masu binciken mamaki shi ne inda jama'a suka fi yawa nan ne itatuwa suka fi ƙaruwa. Dalilin a fili yake: wanda gonarsa ta ƙanƙance, ba shi da dajin da zai je ya sassabe, ba shi kuma da kuɗin takin zamani, dole ya nemi hanyar da gonar za ta ciyar da kanta. A lokacin ƙarancin cimaka na 2005, wanda ya fi tsanani a jihar Maradi, masu bincike sun ruwaito cewa gidajen da ke da itatuwa sun samu abin sayarwa su sayi hatsi, maimakon su rabu da bisashensu a farashin banza.

Gulbin Kaba

Gundumomin Tasawa da Mayahi suna da wata dukiya ta daban, wato kwarin Gulbin Kaba, tsohuwar hanyar ruwa da ta ratsa su. Ruwan ƙasa a kwarin ba shi da zurfi sosai, shi ya sa goriba ta samu wurin zama, kuma daga ganyenta, kaba, kwarin ya samo sunansa. Da kaba ake saƙa tabarmi da igiya da mafici da malfa, sana'ar da dubban mata ke rufa wa kansu asiri da ita, musamman da rani. Ƴaƴan goriba na shiga kasuwa, kututturenta kuma azara ce da gara ba ta saurin ci.

Matsalar ita ce yankan kaba ba ƙaƙƙautawa. Idan ana yanke sabon ganye tun kafin ya buɗe, ko a sare kan tohon, kabar ba ta tashi ta zama goriba. Manyan na tsufa suna faɗuwa, na ƙasa kuma na nan a gajarce. A farkon shekarun 2000 wani shirin gyaran dazuzzuka mai suna PAFN, da tallafin Bankin Raya Afirka, ya tsara yankan kaba a kwarin, ya kafa wuraren sayar da ita a ƙarƙashin kulawar mutanen ƙauyuka. Ƙa'idar sassaben zamani tana aiki a nan ma: a kowane kurmin kaba a bar toho ɗaya ko biyu kada a taɓa su har su fi ƙarfin mai yanka.

Itacen gona na wa ne?

Manomi ba zai yi renon itace shekara biyar ba idan bai tabbata shi zai ci moriyarsa ba. Wannan ya sa sauyin dokoki ke da muhimmanci kamar dabarar kanta. Dokar 21 ga Agustan 1992 ta kafa kasuwannin itace na karkara, inda mutanen ƙauye ke da kaso a harajin. Dokar 2 ga Maris 1993, wadda ta aza tubalin kundin dokokin karkara, ta amince da mallakar gona ta gargajiya, ta kuma samar da hukumomin kula da filaye, waɗanda a yau ake samu a matakin gunduma da ƙaramar hukuma da ƙauye. Sabuwar dokar daji ta 8 ga Yunin 2004 ta ba jama'a da ƙananan hukumomi gurbi a kula da dazuzzuka. Sai a ranar 30 ga Yulin 2020 gwamnati ta fitar da doka ta musamman kan sassaben zamani, wadda ta tabbatar da haƙƙin mai gona a kan itatuwan da ya rena.

A ƙasa kuwa, abin da ya fi tasiri shi ne kwamitocin sa ido na ƙauyuka. Misalin da aka fi sani shi ne na Ɗan Saga, a gundumar Agye mai maƙwabtaka da Tasawa, inda da taimakon shirye-shiryen asusun FIDA aka kafa kwamitoci da suka haɗa manoma da mata da makiyaya. Su ke zagaya gonaki, su kama mai sara ba izini, su kai shi gaban mai gari. Manoma daga sassan Nijar da ƙasashen waje sun sha zuwa ƙauyen don ganin yadda aka yi.

Matsalolin da suka rage

Satar itace na nan, musamman da dare da kuma a gonakin da ke nesa da gari, ko waɗanda masu su suka tafi cin rani. Buƙatar itacen girki a Maradi da Tasawa da Mayahi na ƙaruwa. Ko da yake matatar man SORAZ da aka buɗe a jihar Damagaram a 2011 ta sa gas ya samu a birane, a karkara har yanzu itace da karan hatsi ne ke dafa tuwo, kuma duk karan da aka kwashe daga gona taki ne aka hana ta.

Akwai kuma batun kiwo. Bayan girbi, idan hukuma ta sanar da sakin gonaki, garkuna kan shigo, wasu makiyaya kuma kan sassare rassan gawo don ciyar da bisashe. Su ma suna da nasu kukan: gonaki sun ci burtali da mashaya, makiyayar da ta rage kuma ciyawar garmani, wadda bisashe ba su so, ta mamaye ta. Dokar kiwo ta 20 ga Mayun 2010 ta amince da yawon kiwo a matsayin haƙƙi. Jihar Maradi ta san abin da rashin sulhu ke haifarwa, domin a Toda, a watan Oktoban 1991, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka sama da ɗari. Inda aka sanya makiyaya cikin kwamiti tun farko, itatuwa sun fi tsira.

Ƙarancin gona ma na da nasa tasiri. Wanda ke noma gonar aro ko ta jingina ba ya cika barin itace, domin mai gonar na iya ɗauka yana neman mallake ta. Mata, waɗanda su ne suka fi wahalar neman itacen girki, kaɗan ne daga cikinsu ke da gonar kansu. Sannan itatuwan da suka dawo galibi masu saurin toho ne. Irin su ƙirya da tsamiya, waɗanda kututturansu suka mutu a wurare da dama, sai an shuka ko an dasa.

Daga Maradi zuwa sauran duniya

A 2018 an ba Tony Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood, tare da Yakuba Sawadogo, manomin Burkina Faso da ya farfaɗo da ramukan zai, wato tassa. A yau ana yin sassaben zamani a ƙasashe sama da ashirin, daga Senegal da Mali da Ghana zuwa Habasha da Kenya. Shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, ya fara da tunanin dasa layin itatuwa daga Senegal zuwa Jibuti, daga baya ya karkata ga gyaran gonaki da makiyaya irin wanda aka gani a kudancin Nijar. A ƙarƙashin shirin AFR100 da aka ƙaddamar a 2015, Nijar ta yi alkawarin farfaɗo da hekta miliyan 3 da dubu 200 kafin 2030.

Cika wannan alkawari ya dogara ne kan ƙananan hukumomi irin su Baudeta: ko manomi ya san dokar 2020 kuma ma'aikacin gandun daji na aiki da ita, ko an shata burtali an kafa masa alamu, ko kwamitin ƙauye na da ikon hukunta ɓarawon itace. Jama'ar Nijar na ƙaruwa da kusan kashi 4 cikin ɗari a shekara bisa ƙidayar 2012, abin da ke nufin gonar da ke ciyar da gida ɗaya a yau za ta ciyar da biyu nan da shekaru ashirin.